Ku Ɗaga Kai, Masu Gasa Kwal

Duk wanda ya tsaya ya kalli gada, ko rodin da aka ɗaure ginin bene da shi, ko layin dogon da ya tashi daga Abuja zuwa Kaduna, ƙarfe yake gani. In yabo ya zo masa, injiniyan da ya zana zai yaba, ko kamfanin da ya mulmula. Ba mai tuna mutumin da ya kwana a kan rufin murhu, zafi na ratsa tafin takalminsa, yana mayar da murfin bakin da aka zuba kwal. Alhali kuwa duniya na yin ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ta babban tanderu yake bi, kuma kusan babu tanderun da zai motsa sai da gawayin kwal, wanda 'yan masana'anta ke kira kok. To, yau da ku nake magana: masu gasa shi, masu niƙa kwal ɗin, masu auna shi a ɗakin gwaji, da ƙannenmu da ke karatun ilimin ƙarafa suna tambayar kansu ko akwai ranar da karatun zai yi rana.

Ka je maƙera ka tambayi dattijon da ya tsufa a bakin uwar maƙera, wane gawayi yake so. Ba zai yi dogon tunani ba, zai ce na ƙirya. Gawayin ice mai laushi yana kamawa da wuri, ya yi tartsatsi, kafin ƙarfe ya yi ja ya zama toka. Na ƙirya kuwa yana da nauyi a hannu, yana jure zuga, yana riƙe wuta har a gama ƙira. Abin da maƙerin nan ya sani, shi ne duk abin da manyan kamfanonin ƙarfe na duniya ke kashe biliyoyi a kansa: gawayin da ba ya marmashewa a cikin wuta.

Bari mu leƙa cikin tanderun, don sai an san inda kaya za su je ake sanin darajar haɗa su. Hasumiya ce ta ƙarfe da tubali mai jure wuta, tsayinta kan kai mita 30 ko fiye. Ta sama ake zuba kaya hawa-hawa: tama, gawayin kwal, tama, gawayin kwal, da ɗan dutsen farar ƙasa. Ta ƙasa kuma ana hura iska mai zafin kusan digiri 1,200, inda ta haɗu da gawayin wuta ta tashi ta haura digiri 2,000. Gawayin shi ne makamashi, shi ne kuma yake ba da iskar da ke zare oksijin daga jikin tama ta bar ƙarfe. Waɗannan ayyuka biyu ana iya rage masa su, domin yanzu ana fesa garin kwal ko iskar gas ta bututun hura iska su ɗauki wani kaso. Akwai na uku da ba mai ɗaukar masa. Can ƙasa, inda tama ta narke, farar ƙasa ta narke, komai ya zama ruwa, gawayin kwal kaɗai ne ke nan da ƙarfinsa. Shi ke tallafe da kayan da ke samansa. Ta tsakankanin ƙwayoyinsa iska ke hawa, ta nan kuma narkakken ƙarfe ke tsiyaya zuwa gindi. In ya marmashe, hanyoyin sun toshe. Iska ta rasa mafita ta tsaga ta gefe ta ci bango, kaya su maƙale a sama, can kuma su rufto gaba ɗaya. Ƙarfen da za a fitar ya ragu, makamashin da za a ƙona ya ƙaru, in abin ya yi muni gindin tanderu ya yi sanyi, a kwashe makonni ana fama.

Ga kuma wani abu da ya ƙara wa aikinku nauyi. A wajajen 1950, sai an ƙona abin da ya kusa tan guda na gawayin kwal kafin a sami tan guda na narkakken ƙarfe. Yau tanderun da ake tafiyar da shi da kyau yana wadatuwa da kilo 300 zuwa 350. Kada wani ya ji haka ya ce darajar gawayin ta ragu. Ƙaruwa ta yi. Tunda ya yi kaɗan, kowace ƙwaya tana ɗaukar tama fiye da da, tana kuma daɗewa a cikin wuta fiye da da kafin ta iso ƙasa. Gawayin da kakanninku suka gasa aka ce madalla, in aka zuba shi a tanderun yau ba zai kai labari ba.

Mutane da yawa sun ɗauka ingancin gawayin kwal rabo ne daga ƙasa: wanda Allah ya ba kwal mai kyau ya yi gawayi mai kyau, wanda bai samu ba ya haƙura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ba kowane kwal ke gasuwa ba. Kwal ɗin gashi shi ne wanda, in aka zafafa shi babu iska, da ya kai wajen digiri 350 zuwa 400 sai ya yi laushi, ya yi danƙo, ya kumbura, ƙwayoyinsa su manne da juna, sa'an nan a wajen digiri 500 ya sake sandarewa ya zama dunƙule mai ƙananan ƙofofi. Wani kwal ɗin ko ka kwana kana gasa shi, gari ya shiga gari zai fito. Nagartaccen kuwa kaɗan ne a duniya, ga tsada, kuma kusan rabin wanda ake safara ta teku daga Ostireliya yake fitowa, akasari daga yankin Bowen na jihar Kwinslan.

Amma tarihin wannan sana'a, in ka bi shi da kyau, tarihin mutanen da suka ƙi yarda da wannan hukunci ne.

A 1709, a wani kwari da ake kira Coalbrookdale a Ingila, Abraham Darby ya narkar da tama da gawayin kwal a zamanin da kowa ke amfani da gawayin ice, dazuzzuka kuma na ƙarewa. Mai zubin tukwane ne, tukwane masu araha yake nema ya yi. Shekara 70 bayan haka jikansa ya gina gadar ƙarfe a kan kogin Severn, tana nan tsaye har gobe. Shi dai kakan ya yi dace da kwal mai ƙarancin farar wuta a kusa da shi. Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda ba su yi wannan dacen ba.

Dubi Japan. Kusan duk kwal ɗin da take gasawa a jirgin ruwa yake zuwa mata. Wanda yake sayen kowace ƙwaya da kuɗin waje ba ya wasa da ita. A shekarun 1970 ma'aikatan kamfanin Nippon Steel suka lura cewa gawayin da ya ci jarrabawar ƙarfi a sanyi yakan ba da kunya a cikin wuta, sai suka fito da gwajin da duniya duka ke bi yanzu. A 1983, a masana'antarsu ta Oita, suka fara busar da kwal kafin a zuba shi, suna rage danshinsa daga wajen kashi 9 zuwa kashi 5 ko 6, don busasshen kwal ya fi cika murhu dam, ya fi kuma saurin gasuwa. A 2008, a Oita ɗin dai, suka kunna jerin murahu na sabon tsari da suka sa wa suna SCOPE21, inda ake ɗumama kwal da sauri kafin ya shiga murhu. Da wannan dabara, kwal mai rauni da a da ba a wuce kashi 20 da shi a cikin gauraye, ana iya kai shi rabi.

Sai Indiya, wadda labarinta ya fi kusa da namu. Tana da kwal ɗin gashi a Jharia ta jihar Jharkhand, amma cike yake da toka, tokar kuma ta shige jikinsa sosai har wanki ba ya fitar da ita da sauƙi. Kamfanin ƙarfe na Tata, da aka kafa a 1907 a garin da ya zama Jamshedpur, ya rayu da wannan matsala tun ranar farko. A farkon shekarun 1950 suka gina wuraren wanke kwal. A 1989 kuma suka kawo dabarar daɓe, wadda ma'aikatan yankin Saar na Jamus suka ƙware a kanta don su ma kwal ɗinsu mai rauni ne. Maimakon a kwararo kwal ta saman murhu ya zube sako-sako, sai a niƙa shi lukui, a bar masa danshi kamar kashi 10, a zuba a wani dogon akwatin ƙarfe a wajen murhu, jerin guduma masu nauyi su yi ta sauka a kansa har ya zama bango guda, sa'an nan a tura wannan bango ta ƙofar gefe. Kwal ɗin da aka zuba ta sama nauyinsa bai cika wuce kilo 750 zuwa 800 a kowace kubik mita ba. Wanda aka daɓe yana haura kilo 1,100. Ƙwayoyin sun matsu da juna, don haka ɗan danƙon da kwal mai rauni yake da shi ya isa ya haɗe su. Ƙasar ba ta canza ba, kwal ɗin da ke cikinta bai canza ba, amma gawayin da ke fita daga murahun Jamshedpur ya canza.

Kada ku ce wannan aikin manyan injiniyoyi ne da masu kuɗi. Na'ura dai kamfani ke saye, amma ingancin da take bayarwa a hannun mai aiki yake rayuwa ko ya mutu, kuma yana fara mutuwa tun daga filin ajiya. Kwal in ya daɗe a tule yana shan iska da rana, danƙonsa raguwa yake yi a hankali, ba tare da ido ya gani ba. Direban da ke kwasar tulin da ya fi kusa da shi ya bar tsohon yana ta tsufa, ko ya bari kwal iri biyu suka cakuɗe a gindin tuli, ya ɓata lissafin da wani ya kwana yana yi. Domin kusan babu masana'antar da ke gasa kwal iri ɗaya tak. Gauraya ake yi: wannan yana da danƙo amma yana da yawan iska mai tashi, wancan yana ba da ƙarfi amma in ya yi yawa yana kumbura ya danne bangon murhu har ya tsaga shi, na uku yana da araha amma sai an lallaɓa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mai kula da ma'aunin da ke sakin kowane iri a kan bel, in ma'auninsa ya kauce da kashi biyu ko uku bai duba ba, ba a murhu za a gane ba, sai bayan kwanaki a tanderu.

Haka mai injin niƙa. Ana so kusan kashi 80 na kwal ya wuce rariyar milimita 3. In gudumar injin ta cinye ba a sauya ba, manyan ɓarɓashi za su wuce, kowane ɗaya kuma wurin tsagewa ne a jikin gawayi. In kuma aka niƙe shi fiye da kima ya zama ƙura, ba zai cika murhu ba, danƙon ma ba zai ishe shi ba. Mutum ɗaya ne da rariya a hannu yake tsaye tsakanin waɗannan kurakurai biyu.

Amma inda na fi so in daɗe shi ne wajen mai wuta. Murhun gasa kwal siriri ne: faɗinsa bai kai rabin mita ba a yawancin wurare, tsayinsa mita 4 zuwa 7, tsawonsa ya haura mita 12. Ana jera su da dama gefe da gefe, tsakanin kowane biyu akwai bango mai ramukan wuta inda gas ke ci. Zafi na shiga kwal daga bangon dama da na hagu, yana tafiya a hankali har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya, abin da kan ɗauki awa 16 zuwa 20, gawayin ya kai digiri 1,000 ko fiye. Kowane minti 20 ko 30 ana juya hanyar gas da iska, dare da rana, ranar sallah da ranar aiki. Mai wuta yana bin rufin da na'urar auna zafi a hannunsa, ya ɗaga ƙaramin murfi da ƙugiya, ya leƙa rami mai haske kamar rana, ya rubuta lamba, ya matsa gaba. Ramuka ɗaruruwa, zafin rufin na dukan fuskarsa. In rami ɗaya ya toshe ya yi sanyi, kwal ɗin da ke daidai wurin ba zai gasu ba. Ranar da aka turo shi, kowa zai gani: maimakon jan bango mai tsabta da ke faɗowa yana karyewa, sai baƙin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe sama, ga harshen wuta. Ɗanyen gawayi ke nan, ba ƙarfi, ba daraja. In kuma rami ya yi zafi fiye da kima, gawayin ya tsattsage ya yi ƙanana, tubalin ma ya fara lalacewa.

Tubalin nan na silika yana da hali. In za a kunna sabon jerin murahu, wata biyu zuwa uku ake ɗauka ana ƙara zafi kaɗan-kaɗan, domin in aka yi gaggawa ya fashe. Da zarar ya yi zafi kuma, ba a barinsa ya huce. Jerin murahun da aka kula da shi yakan yi shekara 30 zuwa 40 wutarsa ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Wutar da ka karɓa yau da safe daga hannun ɗan aikin dare, mai yiwuwa an kunna ta tun kafin a haife ka, hannu zuwa hannu ta iso gare ka, ba wanda ya sake ta. Wace sana'a ce ke ɗora wa mutum amana irin wannan? Mai wutan da ya rubuta lambar da bai auna ba don ya huta da zafi, amanar mutane da yawa ya ci. Wanda kuwa ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya a tsakar dare ba oga a kansa, shi ne ginshiƙin masana'antar, ko da sunansa bai taɓa fita a jarida ba.

Akwai jarabar da kowane mai wannan aiki ya sani. Tanderu na jiran gawayi, oga na kallon agogo, sai a ce a turo murhu tun lokacinsa bai cika ba. Ku tsaya a kan gaskiyarku. Awa ɗaya da aka sata daga gashi, tanderu zai biya ta ninki-ba-ninki. Kuma a riƙa tura murahu bisa jadawali, domin murhun da aka jinkirta da wanda aka gaggauta duk suna rikita zafin maƙwabtansu.

Daga murhu sai kashe wuta. Jan gawayi in ya haɗu da iska ci zai yi ta yi, don haka ake ruga da shi ƙarƙashin hasumiya a sakar masa ruwa. Ruwan in ya yi yawa, gawayin ya sha ya yi nauyin banza, tanderu ya ɓata zafi wajen busar da shi. In ya yi kaɗan, ragowar garwashi ya ƙone bel. A Tarayyar Sobiyat, injiniyoyin cibiyar Giprokoks ta birnin Kharkiv sun gwada wata hanya a masana'antar Cherepovets a shekarun 1960: a sanyaya gawayin a rufaffen wuri da iskar da ba ta cin wuta, a hankali, zafin da aka kwasa kuma a dafa tururi da shi a sami lantarki. Gawayin da ya huce a hankali ba ya tsagewa kamar wanda aka watsa wa ruwa. Japan ta ɗauki dabarar a shekarun 1970 ta inganta, yau Sin ce ta fi kowa amfani da ita.

Ke kuma 'yar'uwa da ke ɗakin gwaji, da kai ɗan'uwa, ku ne idon masana'anta. Kilo 50 na gawayi a cikin gangar ƙarfe, a juya sau 100, a tankaɗe a ga nawa ya rage manya, nawa ya zama gari: wannan ƙarfin sanyi ne. Sai gwajin Japanawa: giram 200, a cikin iskar kabon dayoksaid mai zafin digiri 1,100 har awa 2, a auna abin da iskar ta cinye, sa'an nan a juya ragowar sau 600 a ga abin da ya tsira. Manyan tanderu suna son abin da ya tsira ya haura kashi 60. Sai toka, wadda kowane ƙarinta ke neman ƙarin farar ƙasa da ƙarin wuta don a narkar da ita. Sai farar wuta, wadda in ta shiga ƙarfe yakan tsage a wajen mulmula. Lambar da kuka rubuta ita ake bi a gyara gauraye. In ta fito ba daɗi, ku rubuta ta yadda ta fito. Ranar da ɗakin gwaji ya fara rubuta abin da oga ke son gani, daga ranar masana'anta ta makance.

Ba zan ƙarfafa muku gwiwa in ɓoye muku haɗari ba. Hayaƙin murhun kwal yana jawo ciwon daji, musamman na huhu, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar da haka, kuma waɗanda ke aiki a kan rufi sun fi kowa shaƙarsa. Ku sa abin rufe hanci na gaskiya ko da zafi ya dame ku. Ku yi wanka ku sauya kaya kafin ku koma cikin iyali. Ku nemi a riƙa duba lafiyarku, haƙƙinku ne ba alfarma ba, kuma ƙungiyar ƙwadagon da ta san ciwon kanta a nan ya kamata a fara jin muryarta. Ku lura da wani abu: ƙofar da ba a kankare bakinta ba, wadda ke yoyon hayaƙi mai ruwan ɗorawa, ita ce ke cutar da ƙirjinku, ita ce kuma ke barin iska ta shiga ta ƙone gawayi, ta sanyaya bakin murhu. Mai kankare ƙofa da kyau, da aiki ɗaya ya tsare huhun abokansa ya tsare ingancin kaya. Kada kowa ya raina shi don sunan aikinsa lebura.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ke da ciwo. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara haƙarsa a Inugu bayan 'yan shekaru, kuma masu haƙar nan ne 21 daga cikinsu 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949 suna neman haƙƙinsu. Ma'aikacin kwal ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar nan. Sai dai kwal ɗin Inugu ba na gashi ba ne, shi kaɗai ba ya dunƙulewa. Wanda ke da danƙo shi ne na Lafiya da Obi a jihar Nasarawa, shi kuma ga toka, ga farar wuta. A 1979 aka sa hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyat kan gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, da nufin a yi tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko, da tamar Itakpe. A 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98. Har yau babban tanderun bai taɓa narkar da tama ba. Dalilan suna da yawa, akasarinsu na siyasa da kuɗi ne, kuma ba laifin ma'aikaci ba ne. Amma ko gobe aka warware su duka, tambayar kwal ɗin gashi tana nan tana jira, kuma ba a amsa ta da jawabi.

Na ji masu cewa tunda kwal ɗinmu ba shi da kyau, maganar ta ƙare. Ban yarda ba. Ba ina cewa kwal ɗin Lafiya zai wadatar da tanderu shi kaɗai ba. Za a sayo na waje, kamar yadda Indiya ke saye har yau duk da ƙwarewarta. Abin tambaya shi ne kashi nawa namu zai iya ɗauka a cikin gauraye bayan an wanke shi, an niƙa shi daidai, an daɓe shi. Kowane kashi ɗaya da aka ƙara, dala ce da ba ta fita ba, aiki ne kuma ga wani saurayi a Nasarawa. Masana a cibiyar bunƙasa ilimin ƙarafa ta ƙasa da ke Jos sun daɗe suna gwada irin wannan gauraye, sun cancanci a ba su kayan aiki a kuma saurare su.

Wasu kuma za su ce zamanin gawayin kwal ya wuce, ai a Suwidin an yi ƙarfe da iskar haidurojin tun 2021. Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne, domin hayaƙin tanderu yana cikin abubuwan da ke ɗumama duniya. Amma abin da ake yi ta wannan hanya har yanzu ɗan kaɗan ne, Indiya kuma tana kan gina sababbin tanderu da za su yi shekaru da dama suna aiki. Kafin sabuwar hanya ta kankama, hanya mafi kusa ta rage hayaƙi ita ce gawayi mai ƙarfi, wanda kaɗan daga cikinsa ke yin aikin mai yawa. Kuma mutumin da ya iya riƙe zafi daidai, ya iya auna kaya da gaskiya, ya san halin tubali da gas, duk masana'antar da ta zo gobe shi za ta fara nema.

Saboda haka ina kira ga dattawan da aka tura Sobiyat da Indiya koyon wannan aiki suna samari, suka dawo suka yi furfura suna jiran ranar kunna wuta. Abin da ke kanku dukiyar ƙasa ce. Kada ku tafi da shi gida. Kowannenku ya kama matashi ɗaya ko biyu ya zaunar da su, ya nuna musu yadda ake karanta zafin rami, yadda ake gane ɗanyen gawayi daga launin hayaƙinsa, dalilin da ya sa ba a gaggauta tubalin silika. Ku rubuta, ko da a littafin makaranta ne. Ku kuma matasa da ke jami'o'i da kwalejojin fasaha a Zariya, Minna, Bauci da Kaduna, in lokacin aikin kammala karatu ya zo, kada ku kwafo na wani. Ku je Obi ku ɗebo kwal da hannunku, ku wanke, ku niƙa, ku daɓe, ku gasa a ƙaramin murhun gwaji, ku auna toka da farar wuta da ƙarfi, ku rubuta abin da ya fito. In bai yi ba, ku sauya gaurayen ku sake gasawa.